Yadda Ake Gane Ko Harshe Ya Cancanci Sabuwar Lamba a Tsarin ISO 639, da Matakan Neman Ta

Masu karatu da dama, musamman masu fassara manhajoji, da masu haɗa ƙamus, da masu fatan buɗe Wikipedia a harshensu, sun sha tambayar yadda ake samar wa harshe lamba a tsarin ISO 639, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa na lambobin harsuna. Abin da ake nufi da lamba a nan shi ne gajerun haruffan da kwamfuta da ɗakunan karatu suke gane harshe da su, kamar ha da hau na Hausa, ko ar da ara na Larabci. A ganina da yawa daga cikin masu wannan tambaya ba sabuwar lamba ce za ta biya musu buƙata ba, kuma da yake lambar da aka riga aka bayar ba a sake ba wa wani harshe ita har abada, masu kula da tsarin ba sa yin garaje wajen ƙara sabuwa. Shi ya sa aka jera matakan nan ta yadda huɗun farko za su iya sallamar mutum ya koma aikinsa ba tare da ya cike fom ko ɗaya ba.

Mataki na 1: Ka tabbatar babu lambar tun da farko

Kayan aikin wannan mataki huɗu ne, kuma duk suna intanet: teburin lambobin ISO 639-3 masu haruffa uku da hukumar nazarin harsuna ta SIL take wallafawa kyauta, da kundin harsunan duniya na Ethnologue, da makamancinsa na Glottolog, da rajistar laƙaban harsuna ta IANA, hukumar da ke kula da sunaye da lambobin intanet. Jerin ISO 639-3 ya ƙunshi lambobi fiye da 7,000, don haka kafin ka ce an manta da harshenku sai ka bincika da kyau. Kada ka tsaya a kan sunan da masu harshen suke kiran kansa da shi. Harsuna da yawa sun shiga jerin da sunan da maƙwabta suka laƙaba musu, ko da rubutun da wani mai bincike ya yi da ƙa'idar Ingilishi ko Faransanci ko Fotugisanci, ko ma da sunan wani gari ko kogi. Ka rubuta duk sunayen da ka taɓa ji, ka nemi kowanne ɗaya bayan ɗaya, sannan ka duba teburin lambobin da aka jingine, wato aka daina amfani da su, domin mai yiwuwa harshen ya taɓa samun lamba aka haɗe ta da wata.

Hattara: samun suna a Glottolog ba ya nufin akwai lambar ISO. Glottolog yana da nasa lambobin masu haruffa huɗu da alƙaluma huɗu, kamar haus1257 ta Hausa, kuma yana bai wa kare-karen harshe da dangogin harsuna lamba, abin da ISO 639-3 ba ya yi.

Mataki na 2: Ka san jerin da kake nema

Jerin haruffa biyu, wato ISO 639-1, kusan a rufe yake. Haruffa 26 idan aka jera su bibbiyu lambobi 676 kawai suke bayarwa, waɗanda aka raba ba su kai 200 ba, kuma ƙa'idar da ake bi ita ce harshen da ya riga ya sami lambar haruffa uku ba a ƙara masa ta haruffa biyu. Jerin ISO 639-2, wanda ya fito a 1998 domin aikin ɗakunan karatu ƙarƙashin kulawar Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, an gina shi a kan yawan rubuce-rubuce, har aka shardanta a nuna aƙalla takardu 50 daban-daban da aka rubuta da harshen. Wanda ya shafi kusan kowa shi ne ISO 639-3 na 2007, wanda manufarsa ita ce ya ƙunshi kowane harshe na ɗan Adam, ko ana rubuta shi ko ba a rubutawa. A 2023 an tattara sassan wuri guda a matsayin ma'auni ɗaya, amma lambobin ba su canza ba, kuma sauran bayanin nan duk a kan lambar haruffa uku yake.

Mataki na 3: Ka tambayi kanka abin da kake son bambantawa

Nan ne aka fi yin kuskure. Lambar ISO 639 harshe kawai take nunawa. Ba ta nuna irin rubutun da aka yi amfani da shi, ko ƙasar da ake magana, ko karin harshe, ko ƙa'idar rubutu. Duk waɗannan akwai hanyar nuna su a tsarin da ake kira BCP 47, wanda shafukan intanet da wayoyi suke aiki da shi, inda ake ɗaukar lambar harshe a liƙa mata gaɓoɓi a baya.

Idan bambancin na rubutu ne, gaɓar haruffa huɗu ta ISO 15924 ta wadatar. Hausar ajami ha-Arab ce, ta boko kuma ha-Latn, kamar yadda harshen Sabiya yake da sr-Cyrl da sr-Latn ba tare da an tsaga lambarsa biyu ba. Idan na ƙasa ne, sai a liƙa lambar ƙasa ta ISO 3166, kamar pt-BR ta Fotugisancin Barazil ko ha-NE ta Hausar Nijar. Idan kuwa karin harshe ne ko wata ƙa'idar rubutu, ana iya neman IANA ta yi rajistar gaɓa ta musamman mai haruffa biyar zuwa takwas, ko mai gurbi huɗu idan ta fara da alƙalamin lissafi. Ta haka aka sami ca-valencia domin karin yankin Balensiya na Sifaniya, wanda yake tarayya da Katalanci a lamba ɗaya, da de-1996 domin sabuwar ƙa'idar rubutun Jamusanci. Wannan hanya ta fi sauri nesa ba kusa ba, domin wa'adin duba buƙatar makonni biyu ne.

Akwai kuma abin da za ka iya yi yau ba tare da izinin kowa ba. An keɓe lambobi daga qaa zuwa qtz domin amfanin cikin gida, ma'ana duk wata cibiya ko aikin bincike za su iya ɗaukar ɗaya su ba ta ma'anar da suke so a rumbun bayanansu. Haka nan lambar mis tana nufin harshen da bai da lamba tukuna, und tana nufin ba a tantance harshen ba, mul harsuna da yawa a haɗe, zxx kuma abin da babu harshe a cikinsa.

Hattara: lambobin qaa zuwa qtz ba su da ma'ana a wajen gidan da ya ƙirƙire su. Idan ka aika wa wata cibiya bayanai ɗauke da qab ba tare da bayanin abin da kake nufi ba, za ta iya cin karo da qab ɗin da su suka bai wa wani harshe dabam.

Mataki na 4: Ka auna ko harshe ne mai zaman kansa

Idan matakan baya ba su biya buƙata ba, to an iso ainihin tambayar, kuma a nan ya kamata mutum ya kashe mafi yawan lokacinsa. Ma'aunin yana da sharuɗɗa uku, kuma jerinsu yana da muhimmanci.

Na farko shi ne fahimtar juna. Idan masu magana da nau'i biyu suna gane juna gwargwadon abin da zai isa a yi hulɗa ta yau da kullum, kuma kowanne yana ganewa ne saboda sanin nasa nau'in kawai ba don ya koyi ɗayan ba, to a bisa al'ada harshe ɗaya ne. Wannan ne dalilin da ya sa Kananci da Sakkwatanci da Katsinanci duk suke ƙarƙashin hau duk da bambancin lafazi da kalmomi da ke tsakaninsu, alhali Gwandara, wanda shi ne mafi kusancin dangin Hausa, yana da tasa lambar gwn.

Kalmar da za a riƙe a wannan sharaɗi ita ce koyo. Al'ummar da take zaune kusa da babban harshe takan ji shi a kasuwa da makaranta da rediyo tun tana ƙuruciya, don haka idan ka tambaye su ko suna ganewa za su ce suna ganewa, amma wannan ganewa ta mai harshe biyu ce, ba hujja ba ce cewa harsunan ɗaya ne. Gwajin da ya fi nuna gaskiya shi ne a juya tambayar: shin masu babban harshen, waɗanda ba su taɓa zama cikin ƙaramar al'ummar ba, suna gane maganarta? Idan fahimtar ta ɓangare ɗaya ce kawai, wannan kansa abin rubutawa ne a cikin hujjarka.

Na biyu yana jan abubuwa zuwa haɗewa. Ko da fahimtar juna a baki ta yi rauni, idan ɓangarorin biyu suna tarayya a adabi ɗaya, ko suna ɗaukar kansu al'umma ɗaya mai wani daidaitaccen nau'i da kowa yake ganewa, wannan hujja ce mai ƙarfi ta barin su a lamba ɗaya. A 2007 an haɗe lambobi biyar na kare-karen kudancin Faransa, ciki har da gsc da prv, aka mayar da su ƙarƙashin oci ta harshen Oksitan. A 2023 ma an haɗe ajp da apc, aka sami lamba ɗaya ta Larabcin yankin Sham.

Na uku yana jan su zuwa rabuwa. Ko da mutane suna gane juna sarai, idan kowane ɓangare yana da kafaffen asali na harshe da al'umma da ya bambanta da na ɗayan, ana iya ɗaukar su harsuna biyu. Hindi da Urdu misali ne sananne, haka kuma harsunan Sabiya da Kuroshiya da Bosniya, waɗanda na Montenegiro ya bi sahunsu da lambar cnr a ƙarshen 2017. Wannan sharaɗi shi masu nema suka fi rungumar sa, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Abin da ake nufi da kafaffen asali shi ne abin da ya daɗe kuma ake gani a zahiri, kamar daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, da littattafai, da koyarwa a makarantu, da amfani a hukumance. Takardar koke mai ɗauke da sa hannun mutane da yawa tana nuna sha'awa, amma ita kaɗai ba ta kafa wannan hujja. Samun ƙasa mai 'yanci ma bai isa ba, domin lambar mol ta harshen Moldoba an jingine ta a 2008, aka koma amfani da ron ta Romaniyanci.

Gaskiyar magana ita ce sharaɗi na biyu da na uku suna karo da juna, kuma ma'aunin bai ɓoye hakan ba. Babu wani lissafi da za a zuba alƙaluma a cikinsa ya fitar da hukunci. Don haka buƙatar da take tsaye da ƙafafunta ita ce wadda ta fito fili ta faɗi inda hujjarta take da rauni, sannan ta bayyana dalilin da ya sa duk da haka rabuwar ta fi dacewa. Masu dubawa masana harshe ne, kuma abin da ka ɓoye wani zai tono shi a lokacin sauraron ra'ayoyi.

Wasu nau'o'in suna da hukunci na daban. Harsunan kurame harsuna ne cikakku kuma ana ba su lamba, kamar ase ta Amurka da hsl ta maganar hannu ta ƙasar Hausa. Harshen da ya mutu ko tsohon matakin harshe yana iya samun lamba idan akwai shaidar da ta tabbatar da shi. Harshen da aka ƙirƙira da gangan, irin Esperanto, ana duba ko an yi shi ne domin mutane su yi hulɗa da shi kuma ko yana da rubuce-rubuce da masu amfani da shi. Harsunan shirya manhaja ba sa cikin tsarin, haka ma kakannin harsuna da masana suka sake ginawa ta hanyar kwatance ba tare da wani rubutu da ya wanzu ba.

Mataki na 5: Ka zaɓi irin canjin da ya dace

Ba kowace buƙata ce ta ƙirƙirar lamba daga babu ba. Idan harshen bai taɓa shiga ƙarƙashin kowace lamba ba, to ƙari ne kai tsaye, kuma shi ya fi sauƙi. Idan kuwa yanzu haka ana lissafa shi a matsayin karin wani harshe mai lamba, abin da kake nema tsagawa ce, kuma tsagawa tana da tsada ga mutanen da ba su san ma kana nema ba. A bisa al'ada ana jingine tsohuwar lambar gaba ɗaya a bai wa kowane ɓangare sabuwa, domin kada ma'anar lamba ta canza a hannun waɗanda suka riga suka yi aiki da ita. Duk littafi da faifan murya da aka yi wa rajista da tsohuwar lambar sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an tantance ɓangaren da suka faɗa.

Idan matsalar sunan ce kawai, misali sunan da ke jerin na raini ne ko ba shi masu harshen suke so ba, buƙatar gyaran suna za ka shigar, lambar kuma ta zauna yadda take. Akwai kuma lambar gamayya, wadda ake bai wa abin da a wani fagen ake ɗauka harshe ɗaya a wani fagen kuma harsuna da yawa. Lambar ful ta Fulatanci tana da rassa tara a ƙarƙashinta, ciki har da fuv da fub da fuc, haka nan ara ta Larabci da zho ta Sinanci. Idan harshenka reshe ne na irin wannan gamayya, ka faɗi haka a buƙatar domin a haɗa shi da ita.

Mataki na 6: Ka tara hujjoji

Shigar da buƙata kyauta ne, ba a biyan ko sisi, amma tara hujja yana cin lokaci da kuɗin tafiya da na naɗar murya, kuma nan ne duk tsadar aikin take. Abin da ya fi nauyi shi ne binciken da aka wallafa: nahawu, ko ƙamus, ko kundin digiri, ko rahoton binciken harsunan yanki. Idan babu, sai ka samar da naka. Ka tattara jerin kalmomi na asali, irin jerin Swadesh mai kalmomi 100 ko mai kimanin 200, daga harshen da kuma daga mafi kusancin danginsa, ka jera su gefe da gefe. Sannan ka yi gwajin fahimta: a naɗi ɗan gajeren labari daga bakin mai harshen, a kunna wa mutanen ɗaya ɓangaren da ba su saba da shi ba, a yi musu tambayoyi a kan abin da suka ji, a rubuta sakamakon da yadda aka zaɓi mutanen.

Hattara: ana yawan ambaton cewa kamannin kalmomi da ya haura kashi 85 cikin 100 yana nuna karin harshe ne. Wannan mizani ne da masu binciken harsuna suke amfani da shi domin sanin inda za su zurfafa bincike, ba ya cikin sharuɗɗan ma'aunin. Nau'i biyu suna iya kama da juna a kalmomi su sha bamban a tsarin aikatau da karin sauti har fahimta ta gagara.

Kada ka shigar da buƙata a kan harshen wasu ba tare da ka ji ta bakinsu ba. Idan al'ummar ta rabu a kan ko su harshe ɗaya ne da maƙwabtansu, wannan saɓani zai biyo buƙatar duk inda ta je.

Mataki na 7: Ka cike fom

Fom biyu ne idan ana neman sabuwar lamba, kuma ana samun su a shafin ISO 639-3 na SIL: na buƙatar canji, inda za ka bayyana abin da kake so a yi da dalilinsa, da na bayanin sabon harshen. A na biyun za ka kawo sunan da kake so a yi rajista da shi, da sunan da masu harshen suke kiran sa, da sauran sunaye, da inda ake magana da shi, da kimanin yawan masu magana tare da inda ka samo adadin, da danginsa, da harshen da ya fi kusa da shi, da madogaran da mai dubawa zai iya nema ya karanta da kansa.

Za ka iya ba da shawarar haruffa ukun da kake so, amma ba dole ne a ba ka su ba. Haruffa 26 a jere uku-uku suna ba da lambobi 17,576, kuma kusan rabinsu an riga an raba, ko an jingine, ko an keɓe. Ka duba teburin masu aiki da na waɗanda aka jingine kafin ka zaɓa, kuma kada ka ɗaga hankalinka idan haruffan ba su yi kama da sunan harshen ba, domin lambar alama ce kawai ba taƙaitaccen suna ba.

Hattara: ana wallafa buƙatun a fili kowa ya gani, tare da sunan mai nema da ra'ayoyin da aka aiko a kansu, kuma suna zama a ajiye shekara da shekaru. Ka guji zafafan kalamai a kan maƙwabta ko gwamnati.

Mataki na 8: Ka aika, ka jira, ka amsa

Bayan an duba cewa fom ɗin ya cika, ana ba shi lambar shaida mai ɗauke da shekara, a buɗe shi domin jama'a su faɗi ra'ayinsu. Shekaru da dama zagayen na shekara-shekara ne, inda ake rufe karɓa a farkon Satumba, a saurari ra'ayoyi zuwa tsakiyar Disamba, a sanar da hukunci a farkon sabuwar shekara, don haka ka duba jadawalin da ke aiki kafin ka tsara lokacinka, ka kuma sa a ranka cewa maganar watanni ce ba makonni ba. Idan wani masani ya kawo suka, ka amsa da hujja a kan abin da ya faɗa. Ana iya amincewa da buƙata gaba ɗaya, ko a amince da wani sashe, ko a ƙi ta tare da bayanin dalili. Ƙin amincewa ba ya rufe ƙofa: harshen Toki Pona, wanda ƙirƙirarre ne, an ƙi buƙatarsa a baya, sai a 2022 ya sami lambar tok bayan masu amfani da shi da rubuce-rubucensa sun ƙaru. Amma sake aiko da hujjar da aka riga aka ƙi ba tare da sabon abu ba ɓata lokacin kowa ne.

Mataki na 9: Bayan an amince

Sabuwar lambar takan shiga rajistar IANA bayan ɗan lokaci, daga nan ne take zama halastacciya a shafukan intanet. Sauran aikin naka ne. Idan ka yi amfani da lambar cikin gida irin qaa, ko ka ajiye bayanai ƙarƙashin mis ko lambar wani harshe na kusa, sai ka sauya su duka, ka kuma sanar da cibiyoyin da kuke musayar bayanai. Wayoyi da manhajoji ba za su nuna sunan harshen da kansu ba sai an shigar da bayanansa a rumbun CLDR na Unicode, wato sunayen watanni da ranaku da haruffan da yake amfani da su. Wikipedia ma tana shardanta lambar ISO kafin ta karɓi sabon harshe, amma lambar tana buɗe ƙofar nema ne kawai, domin sai masu rubutu sun nuna aiki mai ɗorewa a shafin gwaji na Incubator kafin kwamitin harsuna ya amince a buɗe musu nasu shafin.